Kafin Ka Sa Wa Tsohuwar A-kori-kura Faffadar Taya

Yau ina magana ne da masu neman abinci da tsohuwar Hilux, waɗanda ke son faffadar taya a kan rim ɗin da motar ta zo da shi.

Fara duba jikin rim. In ka ga 16x6J, faɗinsa inci 6 ke nan. Taya 265/70R16 kuwa tana buƙatar rim mai inci 7 zuwa 9. Mai faci zai iya tura ta ta shiga fa, amma rim ɗin zai matse ta, tsakiyarta ta kumbura ta riga gefe cinyewa, motar ta riƙa lilo a kwana, musamman da lodi.

Sannan ta fi 205R16 tsayi da kusan kashi 6 cikin 100. Agogon gudu zai nuna 100, alhali kana kusan 106. Tana iya gogar jikin mota in ka murɗe sitiyari.

Shawarata, ko ka sayi rim mai faɗi, ko ka tsaya kan lambar da kamfani ya rubuta. Rayukan fasinja amana ne. Sai mun haɗu a shiri na gaba.