Jirgin ruwan da ke ƙin jin sitiyari idan an sassauta totur

Masuntan dam ɗin Kazaure ba sa buƙatar bayani kan yadda ake juya kwale-kwale. Filafili ɗaya ya isa, ko ana gudu ko ana tsaye. Amma tun bayan ambaliyar 2022, duk damina ana maganar jiragen ceto a Jigawa, kuma akwai wani nau'in jirgi da ya dace a san halinsa kafin a saye shi.

Jirgin jet ba shi da farfela a waje. Injinsa yana zuƙo ruwa ta ƙasa, ya feso shi ta wani bututu a baya, feshin ne ke tura jirgin. Wani manomi a New Zealand, Bill Hamilton, ya inganta shi a 1954 domin kogunan yankinsu marasa zurfi. Inda farfela za ta daki yashi, shi wucewa yake yi, kuma ba abin da zai sari wanda ake ƙoƙarin tsamowa daga ruwa.

Matsalar tana wajen juyawa. Sitiyarin bututun kawai yake karkatarwa. Da matuƙi ya saki totur, feshi ya ragu, sai jirgin ya riƙa yawo, hancinsa na karkata dama da hagu, iska na tura shi. Wanda ya saba da babur zai rage wuta in ya ga haɗari, a nan kuwa lokacin ne jirgin ke daina sauraronsa. Ceto kuma a hankali ake yin sa, a tsakanin gidaje da itatuwa.

Shi ya sa wasu ke ɗaura masa wutsiya, wani farantin ƙarfe da ke juyawa tare da bututun. Yamaha ma ta saka irinta a wasu jiragenta. Tana taimakawa, jirgin yakan miƙe hanya a ƙaramin gudu. Sai dai wutsiya tana aiki ne idan ruwa na wucewa ta gefenta, jirgi a tsaye ba ta tsinana komai. Kuma tana leƙowa ƙasa, ta ci wani abu daga fifikon da aka sayi jirgin dominsa.

Ƙwararrun matuƙa sukan ɗan taɓa totur, su juya, su saki. Wannan horo ne, ya fi wutsiyar muhimmanci.

A ɓangaren Haɗejia kuwa, kachala ce babbar damuwa: ciyawa na toshe bakin da ke zuƙo ruwan, sai an kashe inji an cire ta da hannu.