Kaurin Bangon Tafkin Kifi: Inci 6 Ko Inci 9?

A unguwannin Katsina irin su Kambarawa, mai son kiwon kifi ba ya iya haƙa rami kawai ya cika shi da ruwa kamar yadda mutanen fadama ke yi. Ƙasar jigawa ce, yashi ya yi mata yawa, ruwan da aka zuba da safe kafin gobe ta shanye shi. Ruwa kuwa a Katsina ba abin wasa ba ne, ko na famfo daga madatsar Ajiwa, ko na rijiyar burtsatse, da kuɗi ake samunsa. Saboda haka tilas a yi ginin siminti. To, a nan ne gardama kan tashi a taron ƙungiya: bulo mai inci 6 za a saya, ko mai inci 9?

Tarwaɗa ce yawancin mutane ke kiwo, amma akwai masu hali da ke gina tafki domin kifin ado da ake kira koi, mai ja da fari da baƙi. Manoman shinkafa na Niigata a ƙasar Japan ne suka fitar da irinsa tun shekarun 1800, kuma ɗan'uwa ne ga kifin kaf da aka kawo gonar kifi ta Panyam a Filato cikin shekarun 1950. Koi yana son zurfi da ruwa mai tsabta fiye da tarwaɗa. Amma bango bai san irin kifin da ke ciki ba, nauyin ruwa kaɗai ya sani.

Bari mu yi lissafi. Tafki mai tsawon ƙafa 10, faɗin ƙafa 7, zurfin ƙafa 4 yana cin ruwa kusan lita 8,000, watau duro 40, nauyinsa kamar tan 8. Ruwan nan ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, yana tura bango ta gefe, kuma turin ya fi ƙarfi a gindi. In zurfin ƙafa 2 ne, bangon nan mai tsawon ƙafa 10 yana tokare nauyin buhun siminti kamar 11. In aka kai zurfin ƙafa 4, ba ninki biyu zai zama ba, ninki huɗu ne, kamar buhu 45. Shi ya sa za ka ga magini ya yi ƙaramin kwami da inci 6 ya zauna lafiya, ya sake yin babba da irin bulon nan, ranar da aka cika shi ya tsage daga kusurwa.

Shawararmu ke nan. Bulo mai inci 6 ya isa ga kwamin renon 'ya'yan kifi wanda ruwansa bai wuce ƙafa 2 ba. Duk tafkin da ruwansa ya kai ƙafa 3 ko 4 a bisa ƙasa, a sa inci 9, kuma kada a bar ramukan bulon fanko. A cika su da kankare, kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, a tsayar da rodi a ciki wanda aka lanƙwasa gindinsa cikin daɓen ƙasa tun ana zuba shi. A kafa ginshiƙi a kowace kusurwa da tsakiyar dogon bango, a ɗaure saman da kankare mai rodi kewaye. Daɓen ƙasa kada ya gaza inci 4, in da hali a kai 6, a karkata shi kaɗan zuwa bakin bututun zubar da ruwa. Wurin da bango ya haɗu da daɓe, nan ne yoyo ya fi farawa. Wanda ya zuba daɓe dabam ya ɗora bulo a kai ba rodi, ya bar wa ruwa ƙofa.

Bulon kansa ma abin dubawa ne. Masu buga bulo da yawa sukan ja buhu ɗaya ya ba su fiye da ƙima. Ku kai ƙusa wurin saye, ku karce. In yana zuba kamar gari, ku bar shi. Ya fi kyau ƙungiya ta sayi siminti ta sa a buga mata a gabanta, a yi ta ba shi ruwa kwana 7.

Waɗansu sukan binne rabin tafkin a ƙasa. Dabara ce mai kyau, gama ƙasa tana tokare bango, ruwa kuma ba ya zafi sosai a watan Afrilu, ba ya sanyi ƙwarai lokacin hunturu, lokacin da tarwaɗa kan rage cin abinci. Amma fa a tuna da abu biyu. Zubar da ruwa zai yi wuya in babu gangare ko injin ja. Kuma da damina jiƙaƙƙiyar ƙasa tana turo bango ciki in an bar tafkin ba ruwa.

A yi shafe da kwano 1 na siminti da 3 na yashi mai laushi, a haɗa da garin hana yoyo, a kewaye kusurwoyi kada su tsaya da kaifi. A iskar hunturu shafe yakan bushe da sauri ya tsattsage, sai a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna har mako guda.

Sabon siminti yana sakin wani abu mai kaifi kamar toka cikin ruwa, yana ƙona fata da matsatsin kifi. A cika tafkin a hankali, a sa alama a bango domin a ga ko ruwan yana raguwa, a bar shi mako guda, a zubar, a wanke, a sake cikawa har sau biyu ko uku. Bayan haka a saka kifi 5 ko 6 na gwaji. In sun kwana uku suna cin abinci, sai a kawo sauran.