Ƙarami, Matsakaici, Babba: Yadda Masu Haɗa Manhaja Ke Auna Aiki

Ka tambayi mai haɗa manhaja kwana nawa aiki zai ɗauke shi, ya ce uku, bayan mako biyu ka tarar yana nan yana fama. Ba ƙarya ya yi maka ba, ɗan Adam ne bai iya ƙiyasta lokaci ba. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun yi bayanin wannan rauni tun 1979. Ginin gidan Opera na birnin Sidni ma shaida ne: an sa ran kammala shi a 1963 kan dala miliyan 7 na Ostireliya, bai ƙare ba sai 1973, bayan ya lashe miliyan 102.

Amma ido gwani ne wajen kwatanci. Dillali a kara ba zai faɗa maka kilo nawa bijimi ya kai ba, amma ka tsayar da biyu a gabansa, nan take zai nuna wanda ya fi. A kan wannan masu bin tsarin Agile suka dogara, tsarin da masana 17 suka fitar da ƙa'idojinsa a 2001 a Snowbird, jihar Utah ta Amurka. Maimakon awoyi, sai su ari lambobin da ke wuyan riga: S, M, L, XL.

Ana fara zaɓar wani aiki da aka riga aka gama, wanda kowa ya san wahalarsa, a ce shi ne M. Duk sabon aiki sai a jera shi da wannan: ya fi shi ko bai kai shi ba? Ba yawan aikin kaɗai ake dubawa ba, har da sarƙaƙiyarsa da abin da ba a sani ba tukuna. Wanda ya faɗa XL kuwa ba a taɓa shi sai an daddatsa shi.

A ganina, amfanin abin yana wurin saɓani. Kowa yakan ɗaga nasa ƙiyasin lokaci guda, dabarar da James Grenning ya bayyana a 2002, don kada ƙarami ya bi bakin babba. A ce za a ƙara maɓallin biyan kuɗi a manhaja. Ɗaya ya ɗaga S, mai gwaji ta ɗaga L. Da aka tambaye ta, sai ta ce: "In intanet ya yanke bayan banki ya cire kuɗin, amma oda ba ta shiga ba fa?" Babu wanda ya yi tunanin haka. Mintuna biyar na gardama sun tono aikin mako guda.

Inda ake ɓata rawa shi ne manaja ya ce S yini ɗaya ne, L kwana biyar, ya kuma riƙe shi tamkar alkawari. Daga ranar kowa zai riƙa kumbura ƙiyasinsa don kare kai. Haka nan M ɗin wannan tawaga ba shi ne na waccan ba, gasa tsakaninsu ba ta da ma'ana. Mai son sanin ranar gamawa sai ya ƙirga M nawa tawagar ta saba kammalawa a zangon mako biyu, ya raba sauran aikin da wannan adadi.