Ƙwaya ko Allura? Hanyoyi Biyu na Rage Maiƙon Jini

Maiƙon nan da likitoci ke kira kwalastarol, hanta ce ke sarrafa mafi yawansa. Idan mugun nau'insa, wato LDL, ya yi yawa, sai ya riƙa taruwa a bangon jijiyoyin jini har ya ƙuntata su. Wannan kan jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Hanyar da aka daɗe da sani ita ce ƙwayar sitatin. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, shi ya fara gano ta a jikin funfuna a shekarun 1970, Amurka kuma ta amince da ta farko a 1987. Ƙwayar tana hana hanta sarrafa maiƙo da yawa, ita kuwa sai ta janyo na cikin jini. A 1994, wani bincike a ƙasashen Sikandinabiya a kan masu ciwon zuciya 4,444 ya nuna ta rage mace-mace da kashi 30 cikin 100. Ga ta da araha. Sai dai shanta kullum ne, wasu kan yi kukan ciwon tsoka, tana kuma ɗan ƙara haɗarin ciwon suga. Shi ya sa da yawa kan daina sha.

Allurai kuwa sun fito ne a 2015, wato evolocumab da alirocumab. Suna danne wani furotin mai suna PCSK9, wanda ke lalata ƙofofin da hanta ke kwashe maiƙo da su. Ana yin su duk mako biyu ko wata ɗaya, kuma suna rage LDL da fiye da rabi. Daga baya inclisiran ta zo. Bayan allurai biyu na farko, sai duk wata shida.

To, wacce ta fi? Binciken FOURIER na 2017 ya nuna evolocumab ta rage aukuwar matsalolin zuciya da kashi 15 cikin 100, amma ga mutanen da dama suna shan sitatin. Ke nan allura ƙari ce, ba madadi ba. Ban da haka, da farko kuɗinta ya kai kimanin dala 14,000 a shekara a Amurka, kafin a rage shi, kuma sai an ajiye ta cikin firji.

Saboda haka likitoci kan fara da ƙwaya. Allura sukan tanade ta ga wanda ya gaji yawan maiƙo daga iyaye, ko wanda ƙwaya ba ta wadatar da shi ba, ko wanda jikinsa ya ƙi karɓarta.