Labarin Kantin Gahawa Na Koriya

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, zan ba ku labarin Caffe Bene, kamfanin sayar da gahawa wanda wani ɗan kasuwa, Kim Sun-kwon, ya kafa a birnin Seoul na Koriya ta Kudu a 2008.

Ba shi ke gina kowane kanti da kuɗinsa ba. Mai jari ne zai biya, a ba shi izinin amfani da sunan, a ƙawata masa wurin, a riƙa sayar masa da gahawa. Da haka cikin shekara biyar rassa suka haura 800, har suka fi na Starbucks yawa a ƙasar. Don yawansu, matasa suka yi masa laƙabi da kyankyaso!

A 2012 ya buɗe reshe a dandalin Times Square na New York, ya kuma shiga ƙasar Sin, daga baya har Saudiyya da Malesiya. A Amurka ya sayar da misugaru, wato garin soyayyen hatsi da ake damawa da madara. Ni dai da na ji haka, kunu ne ya faɗo mini a rai.

A ganina, gaggawa ce ta kayar da shi. Rassa suka matsu kusa da juna suna cin kasuwar juna, masu saye kuma suna ƙorafin ɗanɗano. Haɗin gwiwarsa a Sin ya wargaje, bashi ya taru, Kim ya rasa ragamar kamfanin. A Janairun 2018 kamfanin ya roƙi kotu ta kare shi daga masu bin sa bashi. Bai mutu ba, amma rassansa sun ragu ƙwarai.