Ƙotar Kurfi Daban, Ta Fartanya Daban

Duk wanda ya tashi a karkara ya ga yadda maƙeri ke sa wa fartanya ƙota: ya tura gindin ƙarfen a wuta har ya yi jawur, ya soka a ice, hayaƙi ya turnuƙe, a buga, shi ke nan. Dabara ce da ta daɗe tana yi wa manomi aiki. Amma kafintan da ke fitar da ƙafafun teburi da na gado a injin juya katako, in ya are ta ya sa wa kurfinsa, da idonsa yake wasa.

Katakon da ke kan injin yakan juya sau 1,000 ko fiye a minti guda. Da zarar bakin kurfi ya sarƙe, duk ƙarfin nan a kan ƙota yake sauka. Ramin da aka ƙona kuwa gawayi ne ke zagaye da shi, gawayi kuma marmashewa yake yi. Kafin a ankara ƙarfe ya fara lilo.

A fara da ice. Marke, ƙirya da aduwa duk suna da tauri, amma sharaɗin shi ne ya bushe sarai, ya miƙe, babu kulli. Ɗanyen ice mayaudari ne: da damina ya riƙe ƙarfe gam, hunturu na kamawa ya tsuke, ya tsage. Tsawo kada ya gaza inci 12, na babban kurfi ya kai 16, domin mai aiki ya iya tokare shi a kwiɓi.

Sai zobe, wanda masu gaggawa ke tsallakewa. Guntun bututun jan ƙarfe mai faɗin kamar inci 1 ya wadatar. Shi ake fara cusawa a wuyan ƙota kafin ƙarfe ya shiga, in ba haka ba gindin kurfin ya zama tamkar abin faskare.

Ramin da na'urar huda ake yin sa, a tsakiya daidai. Tun da gindin ƙarfen tsukewa yake yi, sai a huda hawa-hawa: siriri can ciki, mai faɗi a baki. In gindin zagayayye ne, a shafa masa gam irin Araldite. Wajen shigarwa ba a dukan bakin kurfi. A ɗora gindin kurfin a ramin, a riƙe ƙotar a tsaye, a riƙa buga gindinta a kan kututture, nauyin ƙarfen da kansa zai kai shi ciki.

Wasu kan wasa tsohon magagari su mai da shi kurfi don sauƙin kuɗi. Ni dai ba na ba da wannan shawara, komai kyan ƙotar. Ƙarfen magagari ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi, kuma fuskar mai aiki ce mafi kusa da ɓallin.