Lua: Ƙaramin Harshen Kwamfuta Da Tilas Ta Haifa

A shekarar 1993 ne masana uku na Jami'ar Katolika ta birnin Riyo, a ƙasar Brazil, suka ƙago wani harshen ba kwamfuta umurni, suka raɗa masa suna Lua, watau "wata" da Fotuganci. Tilas ce ta sa su, domin daga 1977 zuwa 1992 ƙasar ta tsananta wa shigo da kayan kwamfuta, ga shi kuwa kamfanin mai na Petrobras yana bukatar manhajojin aiki.

Galibi cusa Lua ake yi cikin babbar manhaja, don ma'aikaci ya iya sauya aikinta ba tare da ya taɓa tushenta ba. Wikipedia ma tana amfani da shi.

Ɗalibi ba zai biya ko kwabo ba. Da ya sauke shi, ya rubuta print("sannu"), nan take zai ga amsa. Daga nan sai ya laƙanci "tebur", wanda shi kaɗai ne hanyar jera bayanai a harshen. Ya kuma kiyaye: ƙidayar jeri daga 1 take farawa, ba daga 0 ba kamar a harshen C. A nan waɗanda suka saba da C suka fi yin tuntuɓe.